Daga Ina Za A Fara? Rikicin Jerin Karatu A Tarin Littattafan Jarumai Na Treichville Da Adjamé

Idan dogon hutu ya zo ƙarshe, aka fara shirin komawa lakwal a watan Satumba, masu shimfiɗa littattafai a ƙasa su ne ke cin kasuwa a Abidjan. A kewayen babbar kasuwar Treichville, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1997, da kuma hanyoyin da suka zagaye Forum a Adjamé, za ka tarar an baza leda ko tebur, an jibge littattafan lissafi da na Faransanci da ƙamus-ƙamus da suka sha hannu. 'Yan gari na kiran wannan sana'a librairie par terre, wato kantin littafi na ƙasa. Uba na can yana ciniki a kan littafin aji, idon yaro kuwa na gefe guda, inda aka tara tsofaffin mujallun zane da yara ke kira BD: Spider-Man, Batman, X-Men, da baƙar damisar Wakanda.

Sau da yawa uba kan tausaya, ya ƙara sefa 500 ko jika guda ya saya wa yaron biyu ko uku. Sai an je gida rigima ta tashi. Littafi na farko ya fara daga tsakiyar faɗa, na biyu ya ƙare da jarumi a rataye a bakin bene, na uku kuma ga wani da aka binne a na farko yana yawo lafiya lau. Yaro ya juya, ya sake juyawa, ya ajiye. Uba ya ce ai dama na faɗa, kuɗina ne aka zubar.

Ni malamin firamare ne, kuma tun da na fito daga CAFOP ajin CM2 na fi riƙewa. Tambayar da yara suka fi yi mini a kan waɗannan littattafai ita ce: “Malam, wanne ne na farko?” Iyaye ma, musamman 'yan uwanmu masu sana'ar garba da mahauta da 'yan tireda, sukan tare ni da irinta bayan an tashi. Amsar tana da ɗan tsawo, amma duk wanda ya gane ta ba zai ƙara sayen rabin labari ba.

Gari ɗaya, marubuta da yawa

Kamfanoni biyu ne a Amurka suka mallaki yawancin waɗannan jarumai: Marvel da DC. DC ce ke da Superman, wanda ya fara fitowa a mujallar Action Comics lamba 1 a 1938, da Batman, wanda ya biyo baya a Detective Comics lamba 27 a 1939. Marvel kuwa ita ke da Spider-Man, Iron Man, Hulk, X-Men da Black Panther. Abu na farko da ya kamata yaro ya sani ke nan: gidaje biyu ne daban. Batman ba maƙwabcin Spider-Man ba ne, ko da mai sayarwa ya ɗaure su da roba ɗaya.

A cikin kowane gida kuma, dukan jaruman suna zaune ne a duniya ɗaya. Tun a 1940 aka fara gwada haka, lokacin da jaruman DC suka zauna teburi guda a All Star Comics lamba 3. Amma wanda ya mayar da abin tsari shi ne Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko, daga fitowar Fantastic Four a 1961. Sun zaunar da jarumansu a birnin New York na gaske. Spider-Man ya bayyana a 1962, kuma a fitowar farko ta mujallarsa a 1963 sai ga shi ya je gidan Fantastic Four yana neman aiki, don yana tsammanin ana biyan albashi. A shekarar ce aka haɗa Avengers. Black Panther ma ba a littafinsa ya fara ba, a Fantastic Four lamba 52 ya fara bayyana a 1966.

Ka ɗauka unguwa ce kamar Treichville, kowane gida da mai ba da labarinsa. Idan gobara ta tashi a Avenue 16, dole mai labarin Rue 12 ya ce an ga hayaƙi. Idan an yi aure a wannan gida, gobe amarya na iya ratsawa ta cikin labarin wancan. Wannan shi ne daɗin abin, shi ne kuma wahalarsa, domin sama da shekara 60 ke nan ɗaruruwan marubuta suna ɗora labari a kan labari, kowa na ƙoƙarin kada ya ƙaryata na gabansa. Idan an ambaci wani abu da ya faru a wani littafi, edita kan sa alamar tauraro, ya rubuta a ƙasan hoton cewa a duba lamba kaza. Har wata ambulan marar komai a ciki Marvel ta riƙa aika wa mai karatun da ya gano saɓani a labari kuma ya kawo hanyar daidaita shi, suna kiranta No-Prize.

Mu da muka tashi da tatsuniya ba haka muka saba ba. Gizo da Ƙoƙi suna cikin tatsuniyoyi barkatai, tare da Kura da Zaki da Sarki, amma ba wanda ya taɓa tambayar kaka wacce ce ta farko. Yau Gizo ya sha dukan kawo wuƙa, gobe ya dawo garau kamar ba a yi ba. Da an ce ƙurunƙus, an rufe, ba bashi. Labaran Marvel da DC kuwa sun fi kama da Daɗin Kowa ko Labarina: in wata uku ya wuce ka, sai ka nemi mai ba ka bayani. Ko kuma littattafan marubutan Kano da ke fitowa kashi 1, 2, 3, inda wanda ya sayi na 2 kaɗai ya sayi ƙaiƙayi.

Ta Lyon suka biyo kafin su iso mana

Akwai ƙarin ruɗani da ya shafe mu mu kaɗai masu karatu da Faransanci. Littattafan da ke zube a Adjamé ba bugun Amurka ba ne, fassara ce daga Faransa, kuma Faransawa sun sake musu tsari gaba ɗaya.

Wani kamfani a birnin Lyon mai suna Lug ne ya fara da mujallar Fantask a 1969. Fitowa 7 kawai ta yi ta tsaya, saboda hukumar da ke sa ido a kan littattafan yara a ƙarƙashin dokar 16 ga Yuli 1949 ta ga dodanni da faɗan sun yi yawa. A Janairun 1970 Lug ya fito da Strange, wadda ta rayu har 1998. Bayanta aka samu Spécial Strange a 1975, Titans a 1976, Nova a 1978 da Spidey a 1979. Manyanmu da suka yi lakwal a shekarun 1980 sun san waɗannan sunaye, kuma har yau mai haƙurin tono yakan ci karo da su a ƙasan tari, bangonsu ya yi laushi.

A Amurka kowane jarumi da mujallarsa, mai shafi ashirin da 'yan kai a wata. Lug kuwa sai ya ɗebo labarai uku ko huɗu daga mujallu daban-daban ya haɗa a fitowa ɗaya. Strange ta farko ta ƙunshi X-Men, Daredevil, Iron Man da Silver Surfer, kuma labarin X-Men ɗin da ke ciki na 1963 ne, wato ya makara da shekara 7. Labaran da ke bango ɗaya ba lallai su zama na shekara ɗaya ba. Don haka lambar da ke bangon Strange ba ta da alaƙa da lambar asali. Ga shi kuma an rarraba iyali: sabuwar tawagar X-Men ta 1975 tana Spécial Strange, Fantastic Four suna Nova, babban labarin Spider-Man yana Strange. In labari ya tsallaka daga wannan jarumi zuwa wancan, sai ka nemi mujalla ta biyu, wataƙila ma ta wata shekarar.

Don gudun fushin waccan hukuma, masu zanen Lug sukan gyara hotuna, su sassauta fuskar dodo, su goge wasu alamun duka, wani lokaci su cire hoto ko shafi. Sunaye ma an canza: Spider-Man ya zama l'Araignée, Wolverine ya zama Serval, Storm ta zama Tornade, Nightcrawler ya zama Diablo, Avengers suka zama les Vengeurs. Yaron da ya san Wolverine a fim zai ga mutum mai farata ana kiransa Serval ya ɗauka wani ne.

Daga baya kamfanin Semic ya saye Lug a 1989. A 1997 Panini, kamfanin Italiya da yaranmu suka sani da hotunan 'yan ƙwallo na mannawa, ya karɓi buga Marvel da Faransanci. DC kuwa ta bi ta hannun Sagédition da Arédit a da, ta zo ta zauna a Urban Comics daga 2012. Panini da Urban kowanne ya fara ƙirga nasa daga 1. Duk waɗannan zamunna ne ke haɗuwa a kan leda ɗaya a gefen titi, shi kuwa mai sayarwa a dunƙule ya saye su, ba shi da lokacin tantancewa.

Jeri uku ne

Idan yaro ya ce wanne ne na farko, a gaskiya tambaya uku ya yi a dunƙule. Akwai jerin bugawa, wato wanda ya riga fitowa kasuwa. Akwai jerin faruwa, wato wanda ya riga aukuwa a rayuwar jarumin. Akwai kuma jerin da ya fi sauƙi ga sabon shiga. Sau da yawa ukun ba sa haɗuwa.

Misalin da nake bai wa ɗalibaina shi ne baƙar rigar Spider-Man. A 1984 Marvel ta ƙaddamar da Secret Wars, labari mai fitowa 12 da aka shirya tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel, inda aka kwashe manyan jarumai zuwa wata duniya. A ƙarshen Amazing Spider-Man lamba 251 jarumin ya ɓace. A lamba 252, ta watan Mayun 1984, ya dawo sanye da baƙar riga, ba a nuna yadda ya same ta ba. Masu karatu suka yi ta jira. A lamba 258 aka gano rigar halitta ce mai rai, aka raba shi da ita. Sai bayan haka, a Secret Wars lamba 8 ta watan Disamba, aka nuna ranar da ya fara saka ta. Wato an ga cire riga kafin a ga saka ta. Ita ce kuma rigar da ta zama Venom a 1988.

To, wanne ne daidai? Wanda ya bi jerin faruwa zai fara da Secret Wars, komai ya zo masa a tsare, amma ya rasa zumuɗin da marubutan suka shirya. Wanda ya bi jerin bugawa zai ɗan sha duhu na wani lokaci, kamar yadda masu karatun 1984 suka sha. Ni shawarata ga mai karatun farko ita ce jerin bugawa, domin marubuci yana rubutu ne da sanin abin da mai karatunsa ya riga ya gani. Jerin faruwa na mai maimaitawa ne.

Haka abin yake da Batman: Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli. Labarin shekarar farko ta Batman ne, amma a 1987 aka buga shi, shekara 48 bayan fitowar jarumin. A jerin faruwa shi ne na farko, a jerin bugawa yana tsakiya.

Matattu na dawowa, shekaru ba sa tafiya

Abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai shi ne mutuwa. Wani dattijo mai sayar da tabarmi ya taɓa ce mini: “Malam, wane irin littafi ne wannan da ake mutuwa a dawo kamar an je Bouaké?” Dariya na yi, amma tambayar tana kan hanya. Jean Grey ta X-Men ta mutu a 1980, aka dawo da ita a 1986 da bayanin cewa wadda ta mutu ba ita ba ce. Bucky, abokin Captain America, an ce ya mutu tun Yaƙin Duniya na Biyu, sai marubuci Ed Brubaker ya dawo da shi a 2005 a matsayin Winter Soldier. An kashe Superman a ƙarshen 1992, jaridun duniya suka ɗauka, kafin shekara ta zagayo ya dawo. Dalilin a fili yake: jarumin dukiyar kamfani ne, ba mai binne hanyar cin abincinsa. Wannan dabara ta komawa baya a sake fassara abin da ya wuce, ni ina kiranta gyaran baya. Kaɗan ne mutuwarsu ta zauna, kamar Ben, kawun Spider-Man, wanda rasuwarsa ce tushen labarin gaba ɗaya.

Shekaru ma ba sa tafiya yadda muka sani. Peter Parker ɗan sakandare ne a 1962. Da ana ƙirga masa kamar mu, da yanzu jikoki yake goyo. A Marvel sai suka riƙa jan farkon labarin yana biyo zamani, ta yadda kullum bai wuce shekara goma sha wani abu da farawa ba. Iron Man ya samu rauninsa a yaƙin Biyetnam a labarin 1963, amma a sabon bayani da kuma fim ɗin 2008 an mayar da abin Afganistan.

DC kuwa share gida take yi. A 1961, a mujallar Flash lamba 123, ta ce tsofaffin jarumanta na shekarun 1940 suna zaune a wata duniya ta biyu. Duniyoyi suka yi ta ƙaruwa har marubutan kansu suka rikice. A 1985 zuwa 1986 Marv Wolfman da George Pérez suka yi Crisis on Infinite Earths mai fitowa 12, aka narkar da duniyoyin suka koma ɗaya, Supergirl da Flash suka mutu a ciki, John Byrne ya sake labarin Superman daga tushe. A Satumban 2011 aka sake sharewa da New 52, mujallu 52 suka koma lamba 1. A 2016 kuma Rebirth ya dawo da wasu abubuwan da aka zubar. Saboda haka in ka riƙe littafin DC, tambayar farko ita ce: kafin 1986 ne, ko tsakanin 1986 da 2011, ko bayan nan?

Kada kuma lamba 1 ta ruɗe ka. Amazing Spider-Man ta fara da lamba 1 a 1963, ta sake a 1999, 2014, 2015, 2018 da 2022. A 2003 ma tsalle ta yi ta koma tsohon ƙirge don a yi bikin lamba 500. Kamfanoni sun lura lamba 1 ta fi sayuwa, shi ke nan.

Fim ma gidansa daban. Yaran da suka ga Black Panther na 2018 ko Avengers: Endgame na 2019 a wayar yayansu sukan zo suna neman ci gaban fim a littafi. Babu shi. Fina-finan da suka fara da Iron Man a 2008 suna aron sunaye da wasu labarai, amma zarensu nasu ne. Civil War na littafi, wanda Mark Millar ya rubuta a 2006 zuwa 2007, fitowa 7 ne tare da rassa masu yawa a wasu mujallu, kuma ya sha bamban da fim ɗin 2016.

Me ya sa malami zai damu da wannan?

Yawancin yaranmu da Hausa suke tashi a gida, Julanci a kasuwa, Nouchi a titi, Faransancin littafi kuwa sai a aji. Ga jarrabawar CEPE na jiransu a ƙarshen CM2, kuma ba a tsallake ta sai da fahimtar rubutu. A gidaje da yawa ba wani littafin Faransanci in ban da na lakwal. Littafin zane shi ne sau da yawa abu na farko da yaro ke ɗauka ya karanta don kansa, ba don tsoron malam ba. Hoton na taimaka masa ya cinki ma'anar kalma, jimlolin gajeru ne, yana kuma son sanin abin da zai biyo baya.

Idan wannan karo na farko ya ƙare a ruɗani, yaro ba zai ce littafin ne guntu ba. Kansa zai zarga, ya ce shi ne bai iya karatu ba. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta mayar wa ƙawarta da mujalla tana cewa Faransancin ya fi ƙarfinta, alhali kashi na 4 ne na labari mai kashi 6 aka ba ta. Ko ni aka miƙa wa haka sai na yi zuru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya yanke wa kansa hukuncin cewa karatu ba nasa ba ne yana da wuyar dawowa.

In kuwa aka bi da shi daidai, wannan rikicin kansa darasi ne. Nakan kawo mujallu biyar a hargitse, in raba yara rukuni-rukuni, in ce su jera mini su. Sai ka ga ana musu: ai a nan hannunsa a karye yake, a can kuwa lafiya lau, to wanne ya riga? Wannan ta san sirrinsa, waccan ba ta sani ba. Wani ya buɗe shafin ciki ya nemo shekarar bugu. Ba su ankara ba sun koyi kafa hujja daga rubutu, sun koyi bambanta lokacin da abu ya faru da lokacin da aka ba da labarinsa. Gobe in an zo darasin tarihi, wannan ƙwarewar ce za ta yi musu aiki.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ga abin da nake gaya wa iyaye da yayye masu zuwa sayayya.

Buɗe shafin farko ko na ƙarshe ka nemi sunan kamfani da shekara. Lug ko Semic na nufin tsohon zamani, Panini ko Urban na baya-bayan nan. A yawancin bugun Panini da Urban akan rubuta sunan mujallar asali da lambobinta da ƙananan haruffa, kuma wannan ne adireshin labarin na gaskiya.

Duba shafin ƙarshe na labarin. In an rubuta fin, ya ƙare. In an rubuta à suivre, akwai saura, sai ka tambayi mai kaya ko yana da na gaba. Matambayi ba ya ɓata, kuma da yawansu suna da wani buhu a ajiye da ba su baza ba. Ƙirga shafuka ma, don wanda ya sha hannu yakan rasa tsakiyarsa.

Gara littafi ɗaya mai kauri da ya tattara labari guda daga farko zuwa ƙarshe da 'yan sirara biyar da ba su san juna ba. Waɗanda aka rubuta wa intégrale ko récit complet, ko tome 1 na wani marubuci, su ne abin nema. In sirara ne kawai ake da su, to a ɗauki masu lamba a jere na mujalla ɗaya.

A bar manyan yaƙe-yaƙen da ke tara kowa da kowa, irin Crisis da Civil War, sai yaro ya san mutanen. Wanda bai san 'yan unguwa ba, in ya je taron suna sai kallo. Jarumi ɗaya, marubuci ɗaya, a bi shi har inda ya ajiye. Ga mai son Spider-Man, Ultimate Spider-Man da Brian Michael Bendis ya fara a 2000 an yi shi ne musamman don sababbin shiga, daga tushe yake farawa, kuma a wannan reshe ne Miles Morales ya fito a 2011. All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely fitowa 12 ne da ke tsaye da ƙafarsa. Marvels na Kurt Busiek da Alex Ross, na 1994, yana zagaya da mai karatu tarihin farkon Marvel ta idon wani mai ɗaukar hoto. Mai son Wakanda da ya ɗan girma yana iya farawa daga inda Ta-Nehisi Coates ya karɓa a 2016.

Sannan, jama'a, a duba ciki. Zane ba ya nufin na yara ne. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da yawa daga cikin waɗannan littattafai don manya ake rubuta su, akwai zubar da jini da shigar da ba kowane gida zai yarda da ita ba. Year One da na ambata, alal misali, na ɗan lise ne, ba na ɗan CM1 ba. Minti biyu na juya shafuka a gaban mai kaya ya isa uba ko uwa su yanke hukunci. Tsofaffin bugun Lug, saboda waccan doka ta 1949, sukan fi sauƙi ta wannan fuska.

Namu na gida

Ba dole sai an tsallaka teku ba. Jaridar barkwanci ta Gbich!, wadda Lassane Zohoré da abokansa suka kafa a nan Abidjan a 1999, tsarin Gizo take bi: Cauphy Gombo da Tommy Lapoasse kowane mako da sabuwar rigimarsu, duk fitowar da ka samu ka karanta. Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara a 2005, jeri ne miƙaƙƙe, kundi na 1 sai na 2, ba reshe ba gyaran baya, sai dai na matasa ne da manya. Ƙanana kuwa ga Akissi daga alƙalamin marubuciyar.

A Najeriya ma an fara gina irin waccan duniya ta tarayya. Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 yana da jarumai da dama da ke zaune duniya ɗaya, Guardian Prime na gaba. Roye Okupe kuma, ta kamfaninsa YouNeek Studios, ya fitar da E.X.O. a 2015 da Malika: Warrior Queen a 2017, ya ɗaure su da zare ɗaya duk da ɗaruruwan shekarun da ke tsakanin zamaninsu. Malika sarauniya ce mayaƙiya a wata daula mai suna Azzaz, kuma daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka samo ta. Da Ingilishi suke, amma duniyarsu ba ta tsufa ba tukuna, mutum na iya kama ta daga farko bai sha wahala ba.

Abin da ya rage shi ne a samu irin wannan da Hausa. Muna da Bayajida da Daurama, muna da Amina, muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, ga 'yan kasuwar goro da suka taka daga Kano har Gwanja. A ajina akwai yaran da ke cika bayan kayensu da zane, wasu har da kumfar magana a saman kai. Duk wanda zai ɗauki wannan aiki a cikinsu, roƙona gare shi ɗaya ne: ya rubuta lamba da shekara ɓaro-ɓaro a bango, ya kuma sa taƙaitaccen bayanin abin da ya gabata a shafin farko, domin wata rana littafinsa zai faɗo hannun yaron da bai samu na 1 ba.